Ranar da Yaya Bai Tsaya Ba

Ni na kawo shirin gidanmu. A shekarun da gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan masu haƙar zinariya ina aikin jinya a Anka, sai wata abokiyar aikina ta zuba mini shi a kwamfuta tare da wasu tarkacen fina-finai, wai in rage kaɗaici. Shirin motoci ne na talabijin ɗin Turawa. Wasu mutum uku masu furfura, da shekarunsu da tumbinsu, ake ba wa tsofaffin motoci, a kai su wata ƙasa mai nisa, a ce su ratsa hamada ko daji ko duwatsu, a ga wanda tasa za ta kai. Ni ban ga abin kallo a ciki ba, na duba ɗaya na rufe. Da na je gida Gummi hutun ƙarshen mako, yayana ya ɗauki kwamfutar zai ga hotunan wani suna da aka yi a danginmu, ya latsa inda bai yi niyya ba, sai ga ƙarar inji. Ban sake riƙe kwamfutar ba sai ranar da zan koma.

Yaya direban haya ne. Yana da wata tsohuwar farar mota mai dogon baya, yana jigilar fasinja tsakanin Gummi da Anka. Yana da amini guda, shi ma direba, mai shuɗiyar akori-kura da yake ɗaukar buhunan shinkafa daga fadama da kwandunan busasshen kifi zuwa kasuwannin ƙauye. Ubangidansu ɗaya, hannu ɗaya ya mare su suna karen mota, kuma tun ina ƙarama ban san ranar da aka kai wa Yaya tuwo zaure shi kaɗai ba. Inna tana kiransa ɗana, shi kuma yana shiga har tsakar gida ya buɗe tukunya ya ce miyar ta yi gishiri. Yaya mai surutu ne da son a gani. Aminin nasa shiru-shiru ne, sai dai idan ya saki magana ɗaya ta tsokana, sai a yini ana dariya a tasha.

Akwai abin da direbobin hanyarmu suka tashi da shi, kuma duk wanda ya taɓa shiga motar haya a wancan lokacin ya sani. Direba ba ya wuce direba a gefen hanya. Ko motar cike take, ko da mai naƙuda a ciki, sai ya rage gudu ya leƙo ya tambaya. Idan abin na turi ne, fasinjoji su sauka su tura. Idan na ja ne, a fito da igiya, don kowace mota da tata a ƙarƙashin kujera, kusa da jak da jarkar ruwa. Wanda ya lalace kuwa, idan ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ba ya ihu ba ya roƙo, igiyar kawai yake ɗagawa sama. Na sha makara wurin aiki saboda wannan, na sha yin tsaki a kujerar baya, ba wanda ya taɓa ba ni haƙuri. Abin a wurinsu kamar amsa sallama ne.

To, shirin nan ya shiga ran Yaya. Duk mako idan na dawo, bayan la'asar, sai a shimfiɗa tabarma a zaure, a ɗora kwamfutar a kan bokiti. Shi da amininsa da wani abokinsu mai ƙaramar bas ɗin nan kiya-kiya su zauna, ni in zauna a bakin ƙofar cikin gida ina fassara abin da na iya kamawa, domin Turancin mutanen nan ta hanci yake fita. Yawancin lokaci ma ba sa jiran fassarata. Da inji ya yi wani tari sai su faɗi ciwonsa tun kafin Baturen ya buɗe bonet, su yi ta gardama ko kafireto ne ko fulogi. Sun raba Turawan a tsakaninsu. Yaya ya ɗauki dogon mai baƙin surutu, aka bar wa amininsa mai sanyin tuƙi, mai kiya-kiya ya samu gajeren duk da shi ya fi su tsawo.

Abin da ya fi ba su mamaki shi ne yadda mutanen ke yi idan motar ɗaya ta mutu. Sauran biyun sai su tsaya, su leƙo ta taga, su yi masa jaje na ƙarya, su taka mota su tafi suna dariya. Karon farko da suka ga haka, abin ya ba su tsoro. Mai kiya-kiya ya tambaye ni ko faɗa suka yi. Na ce a'a, dokar wasan ce. Inna, da ta zo wucewa da ƙwaryar gero, ta tsaya ta kalla kaɗan, ta ce waɗannan ba su sami tarbiyya ba, ta wuce. Amma a ƙarshen kowane shiri sai ga wanda aka bari ya iso, fuska duk baƙin mai, su haɗu su ci abinci suna zolayar juna. Da suka ga haka sau da yawa sai abin ya daina ba su tsoro, ya koma shi ne wurin da suka fi jira. Yaya har ya koyi yadda dogon yake ɗaga hannu ta taga yana kaɗa yatsu.

Ban san wanda ya fara kawo shawarar su yi nasu ba. Na dai dawo wani mako a tsakiyar damina na tarar magana ta nuna. Za su tashi daga tashar Gummi, su bar kwalta, su bi tsohuwar hanyar ƙasa da ke ratsa ƙauyukan Bukkuyum ta ɓulla Anka. A lokacin hanyoyinmu lafiya lau suke, abin tsoro a daji bai wuce laka da ƙaya ba. Ba fasinja, ba kaya. Wanda ya zo ƙarshe zai wanke motocin sauran biyun a tsakiyar tasha ranar kasuwa, kowa na kallo. Sai kuma babbar dokar: ba mai tsayawa don wani. Aminin Yaya ne ma ya fi kowa nanata ta. Ya nuna Yaya da yatsa ya ce:

"Ko ka ishe ni kwance bisa hanya, kak ka tsaya. Ni ma in na ishe ka, hon ɗai za ka ji."

Aka yi dariya, aka tafa. Ni kuma tunda dama ranar zan koma aiki, aka ce in shiga motar Yaya in riƙa ɗaukar hoto da wayata, don shirin ba ya cika sai da mai ɗauka. Na yarda saboda ba zan biya kuɗin mota ba.

Muka tashi da hantsi. Gari ya yi luf, gero ya kai ƙugu, hanya jiƙe amma tana takuwa. Ba mu yi nisa ba tayar kiya-kiya ta yi faci. Yaya ya rage gudu, ya leƙa, ya ce Allah ya kiyaye gaba da muryar jaje, ya kaɗa yatsunsa, ya wuce. Akori-kura ma ta yi haka a bayanmu. Na ɗauki mai kiya-kiya yana jifanmu da ɓawon rake yana dariya. Daga baya muka ji ya sa safaya ya juya gida abinsa. Wannan wucewar ta yi wa Yaya daɗi ƙwarai. Ya yi ta maimaita ta, yana cewa in tabbata na ɗauka da kyau.

Daga nan tseren ya zama na mutum biyu. A hanyar ƙasa akori-kura ta fi farar motar, don tana da tsawo daga ƙasa, ga shi mai ita ya san kowane kwazazzabo saboda yawon kasuwanni. A wani gari ya yanke ta bayan makaranta ya ɓace mana. Yaya ya yi ta masifa, yana dukan sitiyari, ni kuma kaina yana dukan rufi. Muka wuce mata masu tallar nono, muka wuce wani mai garmar shanu da ya tsaya yana kallonmu baki buɗe. Can gabas sama ta fara haɗa baƙi, amma inda muke ko ɗigo babu.

Kusa da azahar muka gangaro wani rafi mai faɗi da ke ƙasar Bukkuyum. Rafi ne na yashi, ruwansa a ranar bai wuce ƙwauri ba, kuma motoci suna da inda suke bi ta gefen dama inda ƙasa ta fi tauri. Aminin Yaya, don sauri, ya yanka ta tsakiya. Muka same shi akori-kura ta kafe, tayoyin baya sun nutse a yashi har rabi, shi yana tsaye cikin ruwa ya naɗe wando. Ko ni da ban san mota ba na ga abin bai wuce a ɗaura igiya a fizge shi ba.

Yaya ya bi ta dama a hankali. Da muka zo daidai da shi ya leƙa, ya yi jajen nan na ƙarya, shi kuma ya dunƙule hannu yana yi mana barazana yana dariya. Yaya ya kaɗa yatsu, ya danna hon, muka haye gaɓa. Ina ɗauka ta gilashin baya, sai na ga ya juya ya kalli gabas, ya daɗe yana kallo. Sannan ya sunkuya cikin mota, ya fito da igiya, ya ɗaga ta sama da hannu biyu. Ya daina dariya.

Na ce, "Yaya, ya ɗaga igiya."

Ya gani, don idonsa yana kan madubi. Ƙafarsa ta saki totur, motar ta yi sanyi, hannunsa ya tafi kan giya. Na ɗauka baya zai yi. Sai ya ce:

"Dabara ta. So shikai in tsaya shi ce na karya doka. Na san halinai."

Ya taka muka tafi. Na kashe wayar na sa a jaka.

Muka isa tashar Anka, Yaya ya fito yana ɗaga hannu, 'yan kamasho da suka ji labarin tseren suka yi masa tafi. Ya yi salla, ya sayi rake, ya zauna a kan bonet yana fuskantar hanyar da akori-kura za ta ɓullo. Ya shirya maganganun tsokana, har ya gwada mini biyu. Aka kira la'asar ba mota. Wayar amininsa ba ta shiga, dama wurin babu sabis. Sai wani mai babur da ya fito daga wajen ya ce an yi ruwa mai ƙarfi can sama, rafuffuka duk sun kawo. Yaya ya jefar da raken ya shiga mota. Na shiga ban jira ya ce ba.

Wanda bai san rafukanmu ba ba zai yarda ba. Ruwa yakan sauka a wani wuri mai nisa, kai kana cikin rana, sai kawai ka ji ƙugi, kafin ka tattara takalmanka rafin ya cika. Da muka isa, inda muka ratsa ɗazu ya zama jan ruwa gaɓa da gaɓa, yana tafe da itace da karan gero. Akori-kura ba ta wurin da muka bar ta. Tana can ƙasa, ruwa ya kwantar da ita a gefe ya jingina ta da wata bishiya, shuɗin ƙofarta kaɗai ake gani. A ɗaya gaɓar aminin Yaya yana zaune a kan jarka, wasu Fulani makiyaya biyu suna tsaye kusa da shi. Su suka fizgo shi, muka ji daga baya, don ya ƙi barin motar sai da ruwa ya kai masa ƙirji. Yaya ya yi ta ƙwala masa kira, ƙarar ruwa tana cinye muryar. Shi kuwa ya ɗaga hannu ɗaya, irin na na gan ka, ya sauke. Muka tsaya har rana ta yi ja, ba hanyar hayewa, muka juya.

Da ruwa ya janye aka jawo motar da shanu da taimakon mutanen ƙauye. Bakanike ya buɗe injin ya tarar da yashi har inda ba a zato, ga ƙashin motar ya karkace. Ya ce a haƙura. Ita ce abin da mutumin ya mallaka, da ita yake ciyar da mata da 'ya'ya da tsohuwarsa.

Dattawan tasha suka kira zama, domin a wurinsu abin da Yaya ya yi ba ƙarami ba ne, akwai masu cewa a hana shi lodi. Ban je ba, ba wurin mata ba ne, mai kiya-kiya ya ba ni labari. Yaya ya ce doka suka yi. Aka juya ga amininsa, ya ce gaskiya ne, haka suka yi da shi, kuma shi da bakinsa ya ce kada a tsaya. Aka tambaye shi ko ya ɗaga igiya. Ya ce ba ya tunawa. Da haka magana ta mutu, aka yi addu'a aka watse. Yaya ya dawo gida an wanke shi, ya shiga ɗaki bai ci tuwo ba. Inna ba ta yi masa faɗa ba, ta dai daina zuba tuwon zaure a babban kwano.

Yaya ya yi ƙoƙari, wannan zan shaide shi. Ya je har gidan amininsa ya ce su riƙa karɓa-karɓa da farar motar, yau shi gobe shi. Aminin ya yi godiya ya ce a bari tukuna. Ya aika da buhun shinkafa, aka karɓa, aka aiko da godiya. Ba gaba, ba zagi, idan sun haɗu a masallaci suna gaisawa. Zauren ne dai bai sake shigowa ba. Bayan kaka muka ji ya samu babur ya koma wajen Anka, yana ɗaukar buhunan dutsen zinariya daga ramuka zuwa injinan niƙa a Abare da Sunke. Na haɗu da shi sau ɗaya a bakin asibiti, ƙura ta rufe shi har gira. Na ce ya riƙa wanka da sauya kaya kafin ya shiga wurin yara, saboda dalma. Ya ce to, ya tambayi lafiyar Inna.

Yaya bai daina kallon shirin ba, sai dai yanzu shi kaɗai, kuma ba ya dariya. Wata ranar hutu ina tsince shinkafa ya kira ni zaure. Ya tsayar da hoton daidai inda aka bar mai sanyin tuƙin nan a tsakiyar hamada, bonet a buɗe, sauran sun tafi. Ya ce in duba da kyau. Na ce na gani, an bar shi. Ya ce to wa ke ɗaukar hotonsa? Ya matsar da hoton gaba kaɗan, inda Baturen ya rufe ƙofa, sai ga inuwar wasu manyan motoci a jikin gilashin, jere, da mutane tsaye. Duk makonnin da muka yi muna kallo ba wanda ya lura, har ni mai fassara. Yaya ya ce, a hankali:

"Ashe ba su taɓa barin shi shi ɗai ba."

Ya rufe kwamfutar ya miƙo mini. Na ji tausayinsa a ranar, na kuma ji haushinsa, ban san wanda ya fi yawa ba.

Aka ɗauki lokaci. Wata safiya da rani yana mai da ni Anka, mota cike da fasinja, muka wuce Daki Takwas da ɗan nisa sai fanbel ya tsinke. Ya gangara gefe, muka firfito muka fake a inuwar wata ƙirya. Ya duba ƙarƙashin kujera, babu wani fanbel ɗin. Hanya shiru. Yana tsaye ya dafa bonet sai ga babur daga bayanmu, da buhu biyu ɗaure a baya, mai shi ya naɗe fuska da rawani. Ya wuce mu kaɗan, ya taka birki, ya juyo. Tun kafin ya kwance rawanin na gane shi daga zamansa, aminin Yaya ne.

Ya yi sallama, ya gaida fasinjoji, ya gaishe ni. Ya leƙa injin, ya koma babur ɗinsa ya kwance wata igiyar roba daga cikin waɗanda ya ɗaure buhu da su, ya auna, ya yanka, ya ɗaura ta a madadin fanbel ya ƙulle tam. Yaya yana miƙa masa sifana tun kafin ya nema, yadda suka saba. Ya ce a tayar. Mota ta tashi. Ya ce za ta kai Anka in ba a matsa mata ba.

Yana goge hannu da ƙasa Yaya ya matsa kusa da shi. Fasinjoji sun fara shiga, ni kaɗai ke kusa. Ya kira shi da sunan tsokanar da suke kiran juna tun suna karen mota, ya ce:

"Na ga igiyar ran nan. Na gane ta sarai. Ka yahe min."

Ya ɗago ya dube shi, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Na yahe tun ran nan, Malam," ya ce. "Wanga kuma kak ka ɗauke shi wani abu. Mota nig gani gehen hanya. Ko ta wa ta, tsayawa nikai."

Ya ce a gaida Inna, ya naɗa rawaninsa, ya hau babur. Buhunan sun yi masa nauyi, ga igiya ɗaya ta ragu, don haka a hankali yake tafiya yana kauce wa ramuka. Muka biyo shi a baya. Hanya fetal, ba mota gaba ba mota baya, wani fasinja ya yi ta gunaguni yana cewa direba ya wuce mai babur ɗin nan mana, rana tana yi. Haka muka bi bayansa har Anka.